Zumar Bedi da Ƙafar Baba Iro

Ku samarin da kuka tare ni a bakin masallaci kuka ce in koya maku kiwon zuma, na ce ku ba ni kwana biyu in rubuta maku, don abin da aka faɗa da baki iska ke tafiya da shi. Hannuna bai daɗe da sanin biro ba, shekarata ta uku ke nan a ajin manya, sai ku yi haƙuri da rubutun. Na ji ɗayanku yana cewa babu sana'a mai sauƙi kamar wannan, wai ƙuda ya yi aiki, mutum ya zo ya kwashe. Ni ma haka na zata. Sunana Lawal, mutumin Kaikai ne, kuma shekara ashirin da shida ke nan ina hawa itace.

Amyar farko da na saƙa, kwana huɗu na yi a kanta. Amya ita ce ɗakin da muke yi wa ƙudan zuma da ciyawar gamba, doguwa kamar ganga, a shafe cikinta da kashin shanu, a shanya, a turara ta, a yi mata murfi mai 'yan huji, sannan a kai ta bisa itace a ɗaure. Na ɗauko tawa da murna na kai wa Baba Iro, maigidana a sana'a. A lokacin ina da aure da ɗa ɗaya, gonarmu ba ta kai mu ƙarshen shekara, shi ya sa mahaifina ya haɗa ni da shi. Baba Iro ya karɓa. Ya ajiye amyar a ƙasa, ya tattara riga, ya zauna a kanta. Ta lotse kamar tsohon kwando.

"Kai wa uwargidanka," in ji shi. "Kaza ta samu wurin ƙwai."

Sai a ta shida ya zauna ta ɗauke shi. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce gobe in zo da igiya. Wannan shi ne yabon da na samu a shekarar farko, kuma ya ishe ni.

Hawan farko da na yi a kan wata ɗorawa ne a hanyar Kusada. Kayan aikin ba su da yawa: igiya mai tsawo, bokiti mai murfi, wuƙa, da damin busasshiyar ciyawa da ake kunnawa don hayaƙi. Hayaƙi ake so, ba wuta ba. Wanda ya cinna wa amya wuta ya ci yau, ya kashe gobe. Baba yana ƙasa riƙe da igiya, ni ina sama, na buɗe murfi na ga saƙa jere fara tas, sai na fara yanka har ƙarshe. Ya ji nauyin bokiti ya san abin da na yi.

"Lawal, ka bar masu abinci?"

Na leƙa amyar, babu saura.

"In aka kwashe rumbunka duka, kana kwana garin?"

Bayan sati biyu muka koma, amyar fayau, ƙudan sun yi ƙaura. Tun ranar nake barin kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba kowace saƙa ake yanka ba. Wadda ƙudan suka rufe bakinta da kaki ita ce ta nuna. Wadda take buɗe ruwa ne a cikinta, in ka haɗa ta da mai kyau duk sai ta yi tsami ta yi kumfa. Wadda ke da 'ya'ya a ciki ba taka ba ce. Harbi kuwa ba na lissafa shi. Abin tsoro shi ne a harbe ka a fatar ido kana kan reshe, hannunka ɗaya riƙe da wuƙa. Nan ake gane wanda zai daɗe a sana'ar: wanda bai saki reshe ba.

Tatar zuma ma aiki ne na haƙuri. Wasu suna ɗora saƙa a wuta don su gama da wuri, sai ta yi baƙi ta yi ƙauri, su ce wa mai saye baƙar ita ce mai ƙarfi. Baba ya koya mini in farfasa saƙa a cikin kwando mai tsabta, in ɗora bisa roba, in rufe da ƙyalle, ta ɗiga da kanta kwana biyu. Launi ba ya nuna kyau ko muni, fure yake nunawa. Ta gawo daban, ta ɗorawa daban, ta mangwaro daban. Baba Iro ko da ido rufe, in ka miƙa masa murfin kwalba ya sansana, zai gaya maka itacen. Ni sai na ɗanɗana.

Ranar kasuwar Kankiya nake kasa kwalabena kusa da teburin Haruna mai goro, kuma a nan na koyi cewa sayar da zuma ya fi ɗibarta wuya. Kowane mai saye malami ne. Wannan ya zo da ashana, ya tsoma kanta a zuma ya ƙyasta, in ta kama ya ce ta gaske ce. Wancan ya ɗiga a ƙasa ya tsuguna yana jiran kiyashi, wai kiyashi ba ya bin zuma mai kyau. Wani ya ce kare ba ya lasarta. Haruna kuwa yana gefe yana zuga su.

"Alhaji, kada ka yarda da ashanarsa. Ga tawa, naira hamsin."

"Haruna, kai da goronka ke da tsutsa, wa ya taɓa ƙyasta maka ashana?"

"Tsutsar ita ce shaidar ba a sa masa magani ba."

Gaskiyar da Baba ya gaya mini tun farko ita ce duk waɗannan gwaje-gwajen wasa ne. Ashana ruwa take nunawa, ba suga ba. In aka dafa suga ya yi kauri, ashana za ta kama. Kiyashi kuwa babban abokin gabar amya ne, da toka muke kare gindin itace saboda shi, to ta yaya za a ce ba ya son zuma? Amma ban taɓa musa wa mai saye ba. In ya ƙyasta ta kama, sai in ce ka gani, in karɓi kuɗina. Na bar mutane da abin da suka yarda da shi tunda yana sayar mini da kaya. Ku riƙe wannan, don daga baya shi ya juyo kaina.

Akwai kuma abin da ni da Baba duka muka yarda da shi har zuci. Amyar da aka ɗaure cikin itatuwan bedi, wato darbejiya, zumarta tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Ita muke warewa mu ce ta masu ciwon suga ce. Hujjarmu biyu: zuma magani ce, ba suga ba ce, kuma ɗaci shi ke kashe zaƙi. Masu sayenta sun fi kowa biya da kyau. Tsofaffin ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan kasuwa, matan da ake aiko wa daga cikin gida. Ba na jin na yaudari kowa da gangan. Abin da na gada ke nan, kuma da ni ke da ciwon da ita zan sha.

Shekarar da Baba ya daina hawa, ƙishirwa ce ta fara kama shi. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, fitsari ya hana shi zama, rigunansa suka yi masa yawa. Aka kai shi asibiti aka ce ciwon suga ne, aka ba shi ƙwayoyi. Ya sha na sati biyu ya tura sauran ƙarƙashin katifa. Ya kira ni ya damƙa mini amyoyinsa duka, ban da guda ɗaya da ke kan wani babban bedi a bakin gonarsa. Shi ya saƙa ta, shi ya ɗaure ta, ya liƙe gefen murfin da laka ya danna babban yatsansa sau uku, kamar yadda yake yi wa nasa.

"Waccan kada ka taɓa ta. In na warke ni zan hau."

Ya bar sa suga a koko, ya koma zuma, cokali biyu da safe, biyu da yamma, wani lokaci har da rana cikin ruwan ɗumi. Duk sati biyu nake kai masa kwalbar zumar bedi, wadda na tace da hannuna. Na fi shekara ina yin haka, ina ganin ina saka masa alheri.

Da kaka ƙaya ta soke shi a ɗan yatsan ƙafar hagu wajen duba masu yankan gero. Abin da a da ko tsayawa ba zai yi ba. Wata biyu miki bai rufe ba, yatsan ya yi baƙi, ƙafa ta kumbura ta fara wari. A lokacin ne aka dawo da ɗiyarsa Binta aiki kusa da gida. Ma'aikaciyar lafiya ce, na san ta tun tana rarrafe, Yaya take ce mini. Ita ta matsa aka mayar da shi asibiti. Likita ya auna jini, ya duba ƙafa, ya ce in sugan bai sauka ba mikin ba zai warke ba, kuma in ya haura sama sai an yanke ƙafar. Ya tambayi abin da yake ci. Baba ya ce shi ya bar suga tuntuni, zuma kawai yake sha. Likita ya ce to ita ce za a fara bari.

Abin da Baba ya fahimta daga wannan magana ba shi likita ya nufa ba. A wurin Baba zuma ba ta iya ta da suga, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Tunda kuwa sugansa ya hau, kuma zumata kaɗai yake sha, to zumata ce ba zuma ba. Ya faɗi haka a zaurensa, gaban masu dubiya.

"Yaron da na koya wa saƙa amya, shi ke dafa suga shina kawo mani."

Ranar kasuwa ta gaba na kasa kwalabe har azahar ban sayar da ko ɗaya ba. Haruna bai yi mini ba'a ba ranar, a nan na san magana ta iso. Sanyi kuma ya shigo, zumar gawo ta daskare a cikin kwalabe ta yi fari-fari kamar man shanu. Haka take yi kowace shekara, in ka sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke. Amma a wannan shekarar sai ta zama shaida. Wani mutum ya ɗaga kwalba sama yana nuna wa jama'a, yana cewa ga sugan nan ya kwanta. Wani ya ɗiga a ƙasa, kiyashi suka zo, kamar yadda za su zo wa kowace zuma a duniya. Na buɗe baki in ce wannan gwaji ba gaskiya ba ne, sai na tuna shekara nawa na yi ina cewa ka gani in ashana ta kama. Wanda ya ci riba da gwaji ba shi da bakin ƙaryata shi ranar da ya kayar da shi. Na tattara kayana na koma gida.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba fari ba ne, ba feshin maganin wake da ke kashe ƙuda ba ne, duk na ga waɗannan na wuce. Zuma cike da robobi a ɗaki, babu mai saye. Na je gaida Baba sau biyu, ya juya fuska bango.

Wata safiya ina gyaran igiya a ƙofar gida sai ga Binta ta sauka daga mashin, da 'yar jakarta ta aiki. Muka gaisa, ta tsaya daga gefe.

"Yaya, ba sunanka na zo gyarawa ba. Ƙafar Baba ta kawo ni."

"Ai ya daina shan tawa. Sai ya warke."

"Ya daina shan taka. Ya aika garin Fakuwa an kawo masa ta wani, wai ita ce ta gaske. Ya ma ƙara cokali, don ta wanke taka."

Na ce to in ta gaske ce ai ba za ta yi masa komai ba. Ta dube ni.

"Kai ma ashe ba ka yarda ba."

"Binta, zuma fa. Malamai sun ce akwai waraka a cikinta."

"Ban musa ba. Ruwa ma rai ne, amma in mutum ya faɗa rijiya ba a ƙara masa guga. Yaya, mi ƙudan ke ɗebowa a fure?"

"Zaƙi."

"To jini ba ya tambayar zaƙi daga ina ya fito. Na rake, na fure, na dabino, in ya shiga ya shiga. Mai lafiya jikinsa na iya sarrafa shi. Na Baba ya gaza."

"Ɗacin bedin fa?"

"In ka jefa ganyen bedi cikin shayi mai suga cokali biyar, sugan ya fita?"

Na ajiye igiyar. Ta ce mikin ya fara haurowa bayan ƙafa, likita ya ba su lokaci kaɗan. Ta ce ta yi magana har ta gaji, Baba yana ce mata ita da aka haifa jiya za ta koya masa zuma. Ta ce ni kaɗai na san zuma kusa da shi, kuma ni ne ba ya son gani.

Na kwana biyu ina juya abin. Matsalar a fili take. Muddin Baba yana ganin tawa ce gurɓatacciya, zai ci gaba da neman mai kyau yana sha har a yanke ƙafar. Ko rantsuwa na yi ya yarda tawa mai kyau ce, zai koma shan tawa, ƙafar dai ta tafi. Sai an nuna masa zumar da shi kansa ba zai iya zargi ba. Irin wannan kuwa guda ɗaya ce a duniya.

Na je zauren na zauna bakin ƙofa, na gaishe shi, bai amsa ba.

"Baba, amyarka ta bakin gona, na taɓa ta?"

Ya ce, "Kai ka sani."

"Shaidar yatsanka na nan. Mu je a sauke ta gabanka, ka buɗe da hannunka, ka sha abin da ka saba sha. Binta ta auna suganka kafin, ta auna bayan. In bai hau ba, ni ɓarawo ne, ka karɓe amyoyinka, in bar hawa itace."

Ya juyo. Wannan ne karo na farko da ya kalle ni tun da abin ya faru.

"Ka ji abin da ka ce?"

"Na ji."

"A kira mai goro. Ina son shaida mai baki."

Binta ba ta so ba da farko. Ta ce ita ba za ta ba mai ciwo abin da ta san zai cutar da shi ba. Na ce ai gobe da safe zai sha, da mu ko ba mu. Ta yarda bisa sharaɗin cokali biyu, ba ƙari, kuma kowa ya zo bai karya ba.

Bayan sallar asuba muka ɗora Baba a amalanken shanu, ƙafar naɗe da bandeji bisa matashi. Sanyin safiya yana sa ƙuda ya yi nauyi, shi ya sa na zaɓi lokacin. Haruna ya lulluɓe da bargo har ka, ya tsaya can nesa.

"Ni shaidar ido aka kira ni, ba shaidar harbi ba."

Na hau, na ba su hayaƙi, na kwance amyar na zuro ta da igiya a hankali, abin da ba mu saba yi ba. Aka matso da ita gefen amalanke. Baba ya shafa lakar murfin. Ruwan damina ya ci gefe ɗaya, amma yatsu ukun suna nan. Ya sa nasa a ciki, ya zauna daidai. Ya karɓi wuƙa ya ɓalle lakar da kansa. Na ƙara hayaƙi, ya zura hannu kamar ba mai ciwo ba, ya yanko saƙa rufaffiya, ya sansana.

"Bedi ce, da ɗan gawo."

Binta ta fito da 'yar na'urar awo, ta soki yatsansa, ta ɗiga jini. Ta ce tara. Ta rubuta a ƙasa da tsinke. Baba ya ce bai yarda a auna shi kaɗai ba, a auna ni ma, in sha abin da ya sha. Ta soke ni, ta ce biyar, ta rubuta gefe. Baba ya matse saƙa cikin cokali sau biyu ya sha, ya matse mini biyu na sha. Na mayar da amyar sama na ɗaure, muka ja amalanke zuwa inuwa mai nisa muka zauna jira.

Awa biyu Binta ta ce. Rana ta fito, mata suka fara wucewa rijiya. Haruna ya fasa goro, Binta ta hana shi ba mu.

"Yanzu ni kaɗai zan ci? Wannan shaida da daɗi take."

Babu wanda ya yi dariya sai shi. Baba yana jan carbi. Ni kuwa ina kallon zanen da ke ƙasa, wanda Binta ta sake rubutawa a inda muka koma. A lokacin ban iya karanta ko lamba ɗaya ta boko ba. Sana'ata da ƙafar maigidana suna rataye a kan zane biyu da ban san mene ne su ba. Kuma gaskiya har lokacin rabin zuciyata na tare da Baba, ina tsammanin ba zai hau ba.

Da lokaci ya cika ta fara da ni. Shida. Ta soki Baba, na'urar ta yi ƙara, ta miƙa masa. Shi ya san lamba, ya yi awon gyaɗa a ƙuruciyarsa. Ya nisanta ta da ido, ya matso da ita.

"Sha shida," in ji shi.

Ya ce a sake, a ɗayan hannun. Aka sake. Ya miƙa wa Haruna ya gani. Sannan ya ɗaga kai yana kallon bedin, ya daɗe.

"Ni na saƙa ta. Ni na ɗaure ta."

Ya juyo gare ni.

"Lawal, mutum nawa muka sayar wa wagga?"

Na ce da yawa, Baba.

"Kora shanun mu tafi. Binta, ƙwayoyin nan suna ƙarƙashin katifa."

"Sun lalace, Baba. Za a karɓo sabbi."

Ƙafar ba ta tafi ba. An cire ɗan yatsan, ya yi sati uku a asibiti, aka sa shi kan allura na ɗan lokaci, aka tsara masa abinci: tuwo kaɗan, miyar ganye da yawa, wake, zogale, koko babu komai a ciki. Ya yi ta mita, yana cewa an mayar da shi akuya. Amma mikin ya rufe.

Ranar kasuwar farko da ya iya taka ƙasa, ya sa aka kawo shi Kankiya a mashin. Ya zauna kan bencina da sandarsa, ya ajiye ƙafar a fili inda kowa zai ga gurbin yatsan. Duk wanda ya tsaya gaishe shi, magana ɗaya yake maimaitawa.

"Na yi wa yaron nan ƙazafi a zaure, na zo in janye a kasuwa. Zumarsa zuma ce. Ita ta ci mani yatsa, don zuma ce."

Wani dattijo, tsohon mai sayen zumar bedi, ya ce to a ba shi kwalba biyu tunda ta tabbata mai kyau ce. Baba ya ɗora sanda a kan kwalaben.

"Malam, kai ma kana son ka rage nauyin takalmi?"

Haruna ya kwashe labarin awon ya zagaya da shi kasuwa, kowane faɗi yana ƙara wa kansa jarumtaka, har ya kai shi ne ya riƙe igiya. Ban gyara masa ba. Masu saye suka dawo a hankali, amma ba duka ba. Masu ciwon suga, waɗanda suka fi kowa biya, na rasa su, don na daina ware masu kwalba. Wasu sun ji magana sun koma asibiti. Wasu sun ce na shiga boko, suka koma wurin masu ce masu abin da suke son ji. Har gobe ana sayar da zumar masu suga a kasuwannin nan, ku ma kun gani.

Yanzu duk wanda ya zo saye, kafin in ɗauko kwalba sai na tambaye shi wa za a ba. In ya ce tari ne ko maƙogwaro, ko don koko, bismillah. In ya ce jariri ne, in ce a jira ya shekara, haka Binta ta gaya mini, kuma na daina musu da ita. In ya ce mai suga ne, in ce ya je a auna shi ya tambayi likita, ni ba na sayar da ita a matsayin magani. In ya fito da ashana, in ce ya ajiye abarsa ya kunna murhu, in yana son sanin zumata ya biyo ni gindin itace. A shekarar da ta biyo baya na shiga ajin manya, kuma lambobi na fara roƙon malam ya koya mini kafin baƙaƙe.

Saboda haka wanda ke son koyo cikinku ya zo da lauje ranar Asabar, gamba za mu fara yanka. Zan zauna a kan amyarku kamar yadda aka zauna a kan tawa. Amma ku sani saƙa da hawa da harbi duk ana sabawa da su cikin shekara biyu. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya miƙo maka kuɗi, kana bukata, ka ce masa wannan ba taka ba ce.

Baba Iro yana nan da ransa, yana tafiya masallaci da ƙafafunsa biyu. Duk ɗibar da na yi, kwalbar farko wurinsa nake kaiwa, kamar da. Satin da ya wuce na kai masa. Ya buɗe murfi, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Ɗorawar hanyar Kusada. Ka bar masu abinci?"

Na ce na bari.

Ya mayar da murfin ya ɗaure tam, ya miƙo mini.